Bugu Daban, Kari Daban: Kalangun Jibiya da Kalmomin Turanci Biyar

Wanda ya bar Katsina ya yi yamma, ya kai Magamar Jibiya ya karya arewa, shingen kwastan da na jami'an shige da fice ne za su gaya masa Nijeriya ta ƙare. Gaba kaɗan sai 'yan duwan na Ɗan Isa, daga nan sai Maraɗi. Iyakar ba tsohuwa ba ce, Ingila da Faransa ne suka shata ta da yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906, alhali gidan sarautar Maraɗi zuriyar sarakunan Katsina ne da suka yi hijira bayan jihadi ya ci birninsu, shi ya sa har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkin Maraɗi. An rufe wannan ƙofa a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, amma duk wannan bai raba dangi da auratayya ba. Abin da layin ya raba da gaske shi ne harshen boko. Yaron Jibiya da Ingilishi ake koya masa kimiyya da adabi, ɗan'uwansa na Ɗan Isa kuma ya gaji Faransanci a lakwal. Ranar biki kuwa kalangu ɗaya suke yi wa rawa, kuma ba wanda ke kuskuren taku.

Akwai kalmomin Ingilishi guda biyar da ɗalibi ke cin karo da su tun a ƙaramar sakandare, a darasin adabi da na kiwon lafiya: pulse, beat, metre, rhythm da tempo. Sau da yawa malamin da ke sauri yakan tattara su ya ce duk kiɗa ne, ko ya ce duk bugu ne, ɗalibi ya haddace ya wuce. Ra'ayina shi ne wannan dunƙulewar asara ce, kuma asarar ba ta da dalili, domin kalmomin ba ma'anarsu ɗaya ba. Kowacce tana nuna wani sashe ne na abu guda, kuma duk sassan nan Bahaushe yana jin su da kunnensa, yana aiki da su a filin rawa da bakin turmi tun kafin ya san akwai Ingilishi a duniya. Abin da ya rage wa makaranta shi ne ta nuna masa wane suna ne ya hau kan wane abu.

A fara da turmi. Mata biyu ko uku sun kewaye shi suna lugude, kowacce da taɓaryarta. Ta farko ta saki, ta ɗaga, ta biyu ta saki a gurbin da ta bari, ta uku ta biyo, kuma tazarar da ke tsakanin faɗuwar taɓarya da taɓarya daidai take, in ba haka ba sai taɓare su yi karo a bakin turmin. Wannan jerin dukan da ba wanda ya fi wani tsawo shi ne Ingilishi ke kira pulse, daga kalmar Latin da ke nufin duka ko tunkuɗa. Mai wucewa da ya ji luguden ya fara gyaɗa kai, ba kowace taɓarya yake bi ba, yakan zaɓi ɗaya cikin biyu ko cikin uku ya ɗora gyaɗawarsa a kanta. Wurin nan da kai ko ƙafa ke sauka shi ne beat, ita kaɗai ce cikin biyar ɗin asalinta tsohon Ingilishi ne, ma'anarta kuma duka. Yadda kunne ke ɗaure dukan gida-gida, bibbiyu ko uku-uku, yana maimaitawa, shi ne metre, daga kalmar Girkanci mai nufin awo, tushen da mitar wutar lantarki da mitar awon yadi suka fito. Sai ɗaya daga cikin matan ta cilla taɓarya sama, ta tafa sau biyu kafin ta cafe, ko ta gwara gefen turmin tsakanin duka da duka. Ba ta ɓata lissafin ba, ado ta zuba a kansa, gajere da dogo, shiru da ƙara. Wannan zubin shi ne rhythm, kalmar Girkanci da masana ke dangantawa da gudanar ruwa. In rana ta yi, aka ga tsaki bai yi laushi ba, matan suka ƙara wuta, duk abin da aka lissafa yana nan yadda yake, gudunsa ne kawai ya ƙaru. Gudun nan shi ne tempo, kalmar Italiyanci mai nufin lokaci.

Makaɗan kalangu sun raba wannan aiki a tsakaninsu ƙarara. Ƙananan ganguna irin su kuntuku da ɗan karɓi aikinsu riƙe gindi, suna nanata abu ɗaya ba gajiya. Mai babban kalangu shi ke da 'yanci. Ya rataya shi a kafaɗa ya maƙale a hammata, in ya matse tsarkiya fata ta ɗame murya ta hau, in ya sassauta ta sauka, da haka yake bin hawa da saukar maganar Hausa har ya kira taken mutum, mai taken ya ji daga nesa ya san da shi ake. Duk yawon da zai yi, ya riga bugu ko ya jinkirta masa, yana yi ne da sanin cewa yaransa na riƙe da ma'auni. Wanda ya saurari faifan Mamman Shata, ɗan Musawa da ya rasu a 1999, zai ji haka a fili: kalangai na tafiya a kan turba ɗaya, shi kuma yana shimfiɗa magana doguwa ko gajeruwa a kai, 'yan amshi na shigowa daidai inda ya kamata. Kiɗan ƙwaryar Barmani Choge ta Funtuwa ma haka ne, kuma haka abin yake a filin kokowar Maraɗi in ana gasar takobi, wadda Nijar ta fara shiryawa a Tawa a 1975. Yaron makaɗi da ya saki gindi ya bi adon ubangidansa, a take za a harare shi. Wato bambancin da littafin Turanci ke wahalar bayyanawa, a gidan makaɗa da harara ake koyar da shi.

Inda maganar ta fi daɗi shi ne wajen waƙa, domin a nan ne harsuna ukun da suka haɗu a Jibiya kowanne ya kama hanyarsa. Ingilishi yana auna waƙa da ƙarfin furuci, wata gaɓa a danna ta, wata a sassauta. Yawancin baitocin wasannin Shakespeare ƙafa biyar ne, kowace ƙafa gaɓa sassauƙa sannan dannanna. Faransanci ƙidayar gaɓoɓi yake yi, shahararren ma'auninsa gaɓa 12 ne a ɗango. Hausa ba ta bi ko ɗaya ba, nauyin gaɓa take aunawa. Gaɓar da ta ƙare da gajeren wasali marar nauyi ce, wadda ta ƙare da dogon wasali ko da baƙi mai nauyi ce. A kalmar kalangu, "ka" marar nauyi ce, "lan" mai nauyi. Garin da ake zama a ciki da garin tuwo rubutunsu ɗaya a boko, amma tsawon wasalin farko ya raba su, kuma mawaƙi ba zai sa ɗaya a gurbin ɗaya ba tare da kari ya karye ba. Da yake Larabci ma haka yake auna waƙa, aruli, ilimin awon waƙar Larabci, ya zauna wa Hausa daram. Halilu ɗan Ahmad na Basra, a ƙarni na 8, shi ya tsara karuruwa 15, daga baya Ahfash ya ƙara Mutadarik suka zama 16, kuma malaman ƙasar Hausa sun daɗe suna zuba waƙoƙinsu a Kamil da Basiɗ da Wafir da Mutaƙarab. Joseph Greenberg ya yi rubutu a kan haka a 1949, Farfesa M. K. M. Galadanci kuma ya faɗaɗa shi a 1975 a mujallar Harsunan Nijeriya, inda ya kira dangantakar aure tsakanin waƙar Larabci da ta Hausa. Ba duka karuruwan ne baƙi ba ma, Aliyu Namangi na Zariya daga kiɗan caji ya ɗauko karin Imfiraji. To ɗalibin Jibiya da ya taso yana jin ana rera waƙoƙin wa'azi da na bege ya riga ya san kari. In aka ce masa metre kari ne, sai dai Bature ƙarfin gaɓa yake aunawa, kai kuma nauyinta, an gama darasin da ake kwashe zango guda ana fama da shi. In kuwa aka ce masa kiɗa ne, an toshe masa ƙofar da take a buɗe.

Wani zai ce wannan duk ƙwaƙƙwafin malaman jami'a ne, talakan da ke neman na cefane a kasuwar Jibiya ina ruwansa. Amsar tana asibiti. Ma'aikaciyar jinya in ta kama hannun majinyaci, ta ɗora yatsu biyu ko uku a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, abu uku take nema, kuma kowanne da gurbinsa a takarda. Na farko gudu: babban mutum da ke hutawa jijiyarsa kan buga sau 60 zuwa 100 a minti, jariri sabon haihuwa kuma yakan haura 120 yana lafiya lau. Na biyu ƙarfi, domin yaron da gudawa ko amai suka tsotse wa ruwan jiki bugunsa kan yi sauri amma ya yi rauni har da ƙyar yatsa ke jin sa. Na uku shi ne zubin bugun, ko yana zuwa a jere daidai ko yana tsalle. Mutum biyu za su iya samun bugu 80 a minti, na ɗaya tazararsa daidai, na ɗaya kuma a hargitse, nan biyu a manne, can shiru, can uku a guje. Gudunsu ɗaya, amma na biyun yana iya kasancewa da ciwon da ke sa ɗakunan saman zuciya karkarwa maimakon matsawa, wanda ke ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau 5, saboda jini kan kwanta ya daskare a ciki. Shi ya sa ake koya wa ɗaliban jinya cewa in bugu a jere yake ana iya ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka sau 4, in kuwa a hargitse yake sai an cika minti guda cur. Ɗalibar da aka koya wa cewa pulse da rhythm duk bugu ne za ta rubuta 80 ta wuce gado na gaba. A gari irin Jibiya, inda majinyata ke tsallaka iyaka ta kowane ɓangare, takarda da Ingilishi ko da Faransanci, bayani kuma da Hausa, rashin tsayayyun kalmomin Hausa na wannan bambanci ba ƙaramin giɓi ba ne.

Haɗa jijiya da waƙa ma ba sabon abu ba ne. Hirofilus, likitan Iskandariya da ya rayu wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, da ƙafafun waƙar Girkanci ya kwatanta bugun jijiyar jariri da na saurayi da na tsoho, kuma da agogon ruwa yake aunawa. Ibn Sina a littafinsa Alƙanun ya yi dogon bayani a kan nau'o'in bugu, ya ce akwai ɗabi'ar kiɗa a cikinsa. Ƙirga bugu da minti kuwa sai a 1707 likitan Ingila John Floyer ya yaɗa shi da agogon da aka ƙera masa musamman, kuma na'urar da makaɗan Turai ke auna gudun kiɗa da ita, wadda Maelzel ya yi wa rajista a 1815, da irin wannan lissafi na bugu a minti take aiki. Likita da makaɗi da ma'auni ɗaya suke awo.

Akwai tarko ɗaya da ya kamata ɗan kasuwar iyaka ya sani. In ya ga pulses a takardar kwastan ko a rahoton hukumar abinci ta duniya, ba jijiya ake nufi ba, wake ne da gurjiya da danginsu. Wannan kalmar daga wani tushen Latin daban ta fito, mai nufin fate ko kunu mai kauri, haɗuwar rubutu ce kawai. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe shekarar 2016 domin irin waɗannan amfanin gona, kuma waken Nijar da ke shigowa kasuwannin Katsina da Dawanau yana cikinsu.

Suka ta biyu ta fi ta farko, wato ta masu cewa ƙwaƙƙwafin malamai ne, nauyi. Masu ita suna cewa kalmomin nan an ƙera su ne domin kiɗan Turai da ake rubutawa a takarda, inda ake yanka waƙa gida-gida, kowane gida bugunsa na farko ne mai ƙarfi, don haka ɗora su a kan kalangu tilasta wa kiɗanmu rigar da ba tasa ba ce. Akwai gaskiya a nan. A yawancin kiɗan Afirka ta Yamma, har da namu, ana iya jin zagaye ɗaya a matsayin taku biyu ko taku uku a lokaci guda, ƙafa na bin ɗaya, kafaɗa na bin ɗaya, kuma babban kalangu ba dole ne ya buga da ƙarfi a farkon gida ba, sau da yawa ma nan ne yake yin shiru ya bar wa mai rawa. Wanda ya zo da kunnen Turai yakan ɗauka an yi kuskure. Amma wannan sukar ba ta rushe bambancin ba, ƙara tabbatar da shi ta yi. Ba za a iya bayyana yadda uku ke hawa kan biyu ba sai an yarda akwai jerin bugu na ƙasa da dukansu ke rabawa, akwai kuma takun da kowanne ya zaɓa. Abin da za a ƙi shi ne ɗaukar tsarin Turai a matsayin shi ne daidai, ba rarrabewar kanta ba.

Daga nan ne wata magana ke ɓullowa wadda ake yi kamar yabo, wai baƙar fata da kiɗa a jininsa aka haife shi. Kofi Agawu, masanin kiɗa ɗan Gana, ya yi rubutu a 1995 yana nuna yadda marubutan Turai suka ƙirƙiri wannan hoton suka manne wa nahiya guda, suka manta da murya da waƙa da ma'ana. Ni ma ban yarda da yabon ba, domin yana shafe wahalar koyo. Ɗan makaɗi tun yana ƙarami ake ba shi ƙaramar ganga, ya shekara da shekaru yana riƙe gindi kafin a bar shi ya taɓa babba, ya haddace taken sarakuna da na mahauta da na 'yan dambe da na manoma. Ilimi ne mai matakai, kuma duk ilimi mai matakai yana da kalmominsa. Agawu ya lura cewa harshen Ewe ba shi da kalma ɗaya tilo da ta yi daidai da rhythm, kuma rashin ta bai rage wa makaɗansu komai ba. Ingilishin kansa aro ya yi, huɗu cikin biyar ɗin nan daga Girka da Rum da Italiya suka zo masa, har ya daɗe yana cakuɗa kalmar rhythm da ta amsa-amo, shi ya sa rubutunsu ya yi kama har yau. Faransanci ma daga rijiya ɗaya ya sha, don haka abin da yaron Ɗan Isa ke haddacewa kusan shi ne na yaron Jibiya da wani lafazi.

Suka ta uku daga masu kishin Hausa take fitowa, masu cewa tunda muna da kiɗa da amo da sauti da kari da rauji da take da salo, me ya kai mu bin sawun kalmomin wasu. Yawan kalmomi ba shi ne matsalar ba, rashin matsaya ne. Kari kaɗai yana ɗauke da karin waƙa da karin sauti da karin harshe da karin magana. A hira wannan arziki ne, mahalli ke warware komai, amma a takardar jarrabawa ko katin asibiti ana bukatar kalma ɗaya ta tsaya a kan abu ɗaya. An yi irin wannan aiki a wasu fannoni. Littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, da ayyukan Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo a kan rubutacciyar waƙa da na Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan waƙar baka, su suka sa yau ɗalibi a Kano da Sakkwato da Katsina ke cewa ɗango da ƙafa da amsa-amo, kowa ya gane. A ganina biyar ɗin nan ma suna da masauki a Hausar yau da kullum: bugu ga jerin dukan da ke daidai, taku ga inda ƙafa ke sauka, kari ga ma'aunin da ke ɗaure su, zubi ga adon gajere da dogo, gudu ga sauri ko nawa. Da su ma'aikaciyar jinya za ta iya ce wa ɗan majinyaci, "Gudun bugun Baba daidai ne, zubinsa ne ya hargitse, sai an yi masa gwajin zuciya," ya fahimta ba tare da tafinta ba, ko daga wane ɓangaren shinge ya fito.

Ba na cewa waɗannan biyar su ne ƙarshen magana, kuma bai kamata a yanke su a ofis ba. David Ames da Anthony King, da suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971, a bakin makaɗan Zariya da Katsina suka tattaro su, kuma an fi shekara 50 ke nan. Makaɗan da suka yi hira da su galibi sun kau, matsalar tsaro ta rage tarukan dare a ƙauyukan Jibiya da Batsari, kiɗan biki da yawa ya koma na kwamfuta, inda na'ura ke riƙe gindi, yaron makaɗi bai samu abin koyo ba. Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa tana Katsina, Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana Maraɗi, hanyar da ta haɗa su ta Jibiya ta bi, kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 ma ta nan aka tsara ya ratsa. Ƙasashen biyu sun taɓa zama a Yamai a 1980 domin daidaita rubutun Hausa. Zaman da ake bukata yanzu ya fi wancan sauƙi: malaman Hausa da malaman jinya daga jami'o'in biyu, da sarakunan makaɗa na Katsina da na Maraɗi, a kaɗa kalangu a gabansu, a tsayar da shi a kowane mataki a tambayi mai shi me yake kiran abin da ya yi yanzu, a rubuta amsar kafin a buɗe ƙamus.